Bakwai da Bakwai

Kwanon ruwa ne ya fara tona asiri.
In cika shi da safe, kafin rana ta raba ya ƙafe,
Farrusco na tsugune gaban famfo
kamar mai bin famfon bashi.
Ci yake kamar gara, amma yana zubewa,
har na iya ƙirga ƙashin bayansa da yatsa.

Likita Noémia ta tsaga gefen kunnensa,
ɗigon jini ɗaya, na'ura ta yi ƙara.
"Ciwon suga ne, Amílcar."
Na ce, muzuru? Wanda bai san shayi ba?
Ta ce, "Busasshen abincin nan da kake zuba masa,
kusan rabinsa hatsi ne.
Kyanwa maciyar nama ce tun asali,
mu muka mai da ita kaza."

Ta rubuta doka a bayan rasit:
na gwangwani, mai laima, nama da yawa, sitaci kaɗan.
Bakwai na safe, bakwai na yamma.
In ya ci, sai allura a fatar kafaɗa.
In ya ƙi ci, kar ka soka, kira ni.
Kada ka sauya masa rana ɗaya,
cokali-cokali, tsohon na ja baya, sabon na matsowa.
Ajiye zuma kusa: in ka ga yana tangaɗi,
shafa masa a dasashi, ka rugo.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran taragon lantarki a Porto,
na san awon kowane noti ido rufe,
ban taɓa auna loma ba.
Yau ga ni da sikelin kek ɗin ƙanwata,
tabarau a karan hanci, ina rage giram biyar.
Shi kuwa ya shinshina, ya juya mini ƙeya,
ya tona ƙasan da babu, zai binne girkina.
Ƙarfe uku na dare ya zauna a ƙirjina
yana karanto laifukana ɗaya bayan ɗaya.
Ran na shida ya lashe kwanon tas.
Na yi rawa a kicin, gwiwa ta tuna mini shekaruna.

Mako uku, lamba ta ƙi sauka.
Likita ta ɗaga gira, na rantse har da tsalle.
Sai na bi sawunsa wata Talata,
gangaren nan mai matakala da ke faɗa wa kogin Douro.
Ƙofar farko, Dona Graciete, burodi jiƙe da madara.
Ta biyu, Albano mai gasa kifi, ragowar shinkafa.
Gidan shuɗin tayil, yara biyu da biskit,
can ma ba Farrusco suke ce masa ba.
Ashe ni na huɗu ne a layi,
ni kaɗai kuma ke biyan likita.

Na ɗaura masa takarda a wuya:
Ina da suga, kada a ba ni komai.
Albano ya yi dariya har ya ƙona kifi.
Yara suka tambaya ko zai mutu, na ce ba bana ba.
Dona Graciete ce ta yi shiru,
ta daɗe tana juya ƙaramin farantin a hannu,
ta ce, "In ban ba shi ba, me zai kawo shi?"
Ban sami amsa ba, na sosa ƙeya.

Yanzu bakwai saura biyar takan ƙwanƙwasa.
Ita ke buɗe gwangwani, ita ke riƙe shi,
tana yi masa gulmar unguwa a kunne
ni kuma na tsinci fata na soka.
Burodin tana zuwa da shi har yau,
mu muke ci, a tsaye, bakin taga.

Jiya na tashi zan cika kwanon ruwa,
na tarar bai ko kai rabi ba.
Na tsaya da buta a hannu
har ya zo ya taka mini ƙafa.
Bakwai ta wuce da minti biyu.